Butoci Uku a Ranar Kasuwa

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da ranar da na jefar da butar kantin Alhaji a bola. Kwanana tara ke nan da zama manaja a babban kantin nasa da ke Sabon Birni, na dawo daga Sakkwato da difloma, da takalmi sau-ciki, da kuma tabbacin cewa duk abin da na tarar ana yi ba daidai ba ne.

Kantin dogo ne, ƙofa uku gare shi, kowace ƙofa da kashiyanta. Baba Sani, dattijon da ya fi shekara goma a wurin, shi ke ƙofar masu sari. Hajara, wata mai shayarwa, tana ɓangaren sabulu da kayan jarirai. Lawali kuma yana ƙofar gaba. Kantocin kaya sun tare tsakaninsu, ba mai ganin wani, sai dai dukkansu suna hango wani ginshiƙi a tsakiya, inda aka kafa ƙusa aka rataye wata buta shuɗiya mai fasasshen murfi, an ɗaure mariƙinta da waya.

Abu biyu suka dame ni tun ranar farko. Na ɗaya, babu jadawalin hutu. Sai kawai ka ga mutum ya tashi, ya sauke buta, ya fice. Na biyu, butar kanta. Ina ganin abin kunya ne kanti kamar wannan a ce mutum uku suna jiran buta ɗaya (har na raya a raina cewa Alhaji marowaci ne, Allah ya yafe mini). Sai na shige ofis na kwana biyu ina ja wa takarda layi da rula.

Da na kafa jadawalin, Baba Sani ya same ni ya ce a ba shi lokacin azahar don ya samu jam'i. Na ce ba komai, na sake rubuta masa takarda. Can da yamma Hajara ta zo ta ce daidai lokacin ne ɗanta ke tashi da kukan yunwa. Na tausaya, na ba ta tata takardar, da niyyar in matsar da Baba Sani gaba kaɗan. Washegari Lawali ya dafe ciki ya ce gyambon ciki gare shi, in azahar ta wuce bai ci ba akwai matsala. Shi ma na rubuta masa. Niyyata in zauna in daidaita takardun uku, amma sai na shagala da wata sabuwar doka da na ƙirƙiro, wadda ta ce kowa ya ajiye wayarsa a durowata in ya zo aiki.

Ranar kasuwa da sassafe na shigo da sababbin butoci uku, ja da koriya da mai ruwan ɗorawa, na kuɗin aljihuna. Na cire tsohuwar na wurga ta bola bayan kanti. Baba Sani ya tsaya yana kallon ƙusar.

"Manaja, butag ga hwa tana da aikinta," in ji shi.

Na ce masa ai shi ya sa na kawo uku, aikin zai ninka. Ya buɗe baki zai ƙara magana, na nuna masa takardar da ke hannunsa na ce daga yau ita ce shugaba. Ya gyaɗa kai ya koma teburinsa, ni kuma na ɗauka na burge shi.

Wanda bai san garinmu ba sai a yi masa bayani. Mutanen Gatawa da Tsamaye ba sa jiran yamma su koma gida, saboda halin da hanya ke ciki. Ana idar da sallar azahar motocinsu ke tashi a jere, wanda ya makara kuwa sai ya kwana a gari. Don haka daf da azahar kanti ke cika, kowa na son ya biya ya ruga tasha.

Ina ofis ina shan iskar fanka na ji hayaniya. Na leƙo ƙofar gaba, ba Lawali, sai layi har waje. Na zaga ƙofar sari in ce Baba Sani ya taimaka, ba Baba Sani. Na nufi wajen Hajara ina sauri, kujera kawai na tarar da mayafin da take shimfiɗawa. Na juya na dubi ginshiƙi, ba buta ko ɗaya. Na koma na duba jadawalin bango, shi kuwa ya rantse mini cewa mutum biyu suna kan aiki a wannan lokacin. Na fi minti ɗaya ina kallon takardar ina kallon kujerun, kamar ɗayansu zai ba ni haƙuri.

A gaban layin Hajara wata tsohuwa ce 'yar Gatawa, Inna Hasiya, ta tara sabulu da man shafawa da rigunan jariri da baho. Ta ce gobe da asuba za a raɗa wa jikarta suna, jikarta ta fari, kuma direba ya ce ba zai jira kowa ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, manaja da kansa zai sallame ta. Na zauna na gyara wuyan riga, na taɓa kwamfuta, ta nemi lambar sirri. Ban da ita. Kwana tara ina manaja, ban taɓa tambaya ba.

Na zaro wayata na kira Hajara. Sai na ji ƙara daga ofishina. Na ruga da murna ina zaton ta dawo, ashe durowata ce ke kuka. Na kira Lawali, durowar ta sake amsawa (har yau ban san dalilin da ya sa na kira na ukun ba, amma na kira). Inna ta miƙo kuɗi ta ce in karɓa ta tafi. Ban san farashin ko sabulu ɗaya ba, ga dokar Alhaji cewa kaya ba sa fita sai da rasit, ga mutane suna ta magana lokaci ɗaya. Maimakon in yi abin da kowane mai hankali zai yi, in ce ta ɗauka ta biya wani makon, sai na ce ta ba ni minti biyu. Na fita da gudu zuwa masallaci, na tarar an ta da salla, Baba Sani yana sahun gaba. Na nufi wajen mai tuwo neman Lawali, aka ce yanzu ya bar nan. Gidan su Hajara kuwa ban ma san inda yake ba.

Da na dawo, gumi ya jiƙa ni sharkaf, Alhaji yana tsaye a tsakiyar kanti, su uku kuma suna shigowa ta ƙofa uku, kowa da butarsa da takardarsa mai ɗauke da sa hannuna. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce tun ban gama firamare ba aka tsara cewa buta ɗaya ce a kantin nan. Wanda ya riƙe ta shi ke hutu, wanda ya hango ƙusa ba komai ya san ɗan'uwansa na waje, sai ya jira. Da haka ba a taɓa barin kanti da ƙasa da mutum biyu ba.

"Ina ka kai ta?" ya tambaye ni a gaban kowa.

Na ce bola. Da takalmina sau-ciki na shiga na tono ta, 'yan kasuwa suna kallo.

Hajara ta sallami Inna cikin minti ɗaya, na ɗora bahon a ka muka ruga tasha, amma motocin sun tashi. A gidanmu Inna ta kwana, ɗakin mahaifiyata. Da ta isa Gatawa washegari an riga an raɗa suna, an raba nama.

Alhaji bai kore ni ba, ya dai mayar da ni teburin Baba Sani na wata guda in koyi aiki. Yanzu ko tsumma na gani rataye a wurin aiki, sai na tambayi dattijon wurin amfaninsa kafin in taɓa. Inna Hasiya kuwa har yanzu tana zuwa duk ranar kasuwa, kuma kafin ta ɗauki ko ashana sai ta leƙa ofishina.

"Ɗana, buta nawa yau?"

"Ɗaya, Inna."

"To, za ni sayayya."