Na Samu Italiya, Na Rasa Tanut

Ba zan taɓa mantawa da daminar da kububuwa ta sari Ilu ba, ko da ƙasa ta rufe mini ido.

Ina koyarwa a wani ƙauye cikin kwarin Tarka, kuma ina da rediyon nan da ake magana da shi kamar oba-oba, har da takardar izini. Mutane na dariya, wai zamanin salula wa ke fama da eriya? Ni kuwa na cika baki, na ce ranar da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke za su san amfanina.

Aikina hira da Turawa. Duk wanda muka gaisa sai ya aiko mini kati, in manna a bango (har baƙi nake ja ɗaki su gani). Akwai wani dattijo a Tanut, Malam Isufu, mai irin rediyona. Sau uku yana roƙona mu tsayar da lokaci da tasha mu riƙa gaisawa. Na raina shi. Tanut? Ai jaki ma ya kai saƙo.

Sai ga ranar. Ruwan kwana biyu ya kashe rezo, maciji ya sari maƙwabcina Ilu a gona. Wansa Habu ya shigo a guje, rabin gari na biye da shi.

"Malam, don Allah kira Tanut, su turo mota da allura!"

Na zauna da isa, na murɗa. Shiru. Ban san a wace tasha Malam Isufu yake saurare ba, kuma eriyar tawa don nesa na ɗaura ta. Na yi ta kira, gumi na zuba. Can wani Bature ya amsa daga Italiya, cike da murna, wai yana jina tangaram, yaya yanayi a Nijar?

"Sun ce suna tafe?" in ji Habu.

Na kasa ɗaga kai. Aka ɗora Ilu a amalanke bayan na cinye musu awa guda. Bai kai asibitin garin Belbeji ba.

A wurin zaman makoki, Habu ya riƙe hannuna a gaban jama'a ya ce, "Malam ya yi ƙoƙari, har Turai ya kira mana." Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Har yau ina kunna rediyon, amma na daina cika baki. Na gane cewa mutum na iya gaisawa da duniya kaf, ya kasa kiran wanda zai taimaki maƙwabcinsa.