Rasuwar Kawu, Famfon Feshi, a Ɗakin Suruka

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, da kafaɗun da suka wayi gari babu goyo, Mai Feshi da iyalinsa suna sanar da 'yan'uwa, abokan sana'a, da duk wanda ya taɓa kwana yana susa, rasuwar Kawu, famfon feshi mai cin lita goma sha shida. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana goye a bayan maigidansa, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Marigayin ya zo hannun Mai Feshi yana shuɗi fes, kafin rana da magani su mai da shi wata kala da ba ta da suna. Tare suka leƙa bayan firjin otal inda kyankyasai ke taron dangi, suka hau silin da gara ta mai da shi gari. Kawu bai taɓa raina gida ba; yadda yake fesa falon attajiri haka yake fesa ɗakin gwauro. Maganarsa biyu ce a duniya: "ƙii-ƙuf" idan ana buga masa iska, da "fsss" idan ya sami abin da yake nema.

Ya yi jinyar shekara biyu. Robar cikinsa ta saki, bakinsa ya riƙa toshewa, tiyonsa ya sha ɗauri da tsohon tiyub ɗin keke har ɗaurin ya fi tiyon yawa. Mai gyara ya sha cewa a bar shi ya huta. Maman yara ta faɗa da lallami, ta faɗa da faɗa. Mai Feshi ya ce ai Kawu tari kawai yake yi.

Ajali ya same shi a gidan surukar Mai Feshi. Ita wannan baiwar Allah, shekara goma sha huɗu idan aka tambaye ta aikin mijin 'yarta sai ta ce "yana harkar lafiya," ta canja zance. To, ana saura kwana huɗu ta yi manyan baƙi, ta aika 'yarta da saƙo: ya zo, amma ta ƙofar baya, kuma ya naɗe abin nan nasa a zanen gado kada maƙwabta su gani. Haka Kawu ya shiga gidan a lulluɓe, kamar ya san abin da ke tafe.

Mai Feshi ya haska ɗinkin katifa, ya ga ɗige-ɗigen baƙi da ƙwai farare a mahaɗar gado. Ya durƙusa ya ce, "Mama, kuɗin cizo ne."

"Rage murya," in ji ta. "Cewa na yi ka duba, ban ce ka raɗa musu suna ba."

Ya haɗa magani, ya goya Kawu. Bugu na biyar, marigayin ya yi wani dogon "fiiii" da ba a taɓa ji daga bakinsa ba, ya rufe da "ɓam." Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Tiyo ya tsage, magani ya kwararo bayan Mai Feshi. Mutumin da bai taɓa haɗa ido da surukarsa ba ya fito tsakar gida a guje, yana tuɓe rigar aiki, yana ihun a kawo sabulu a buɗe tagogi. Kafin ya gama wanke jikinsa a bakin famfon ruwa, duk masu haya a gidan sun fito kallo.

Ya dubi Kawu kwance a ƙasa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce maganin ne. Amma aiki bai ƙare ba. Ya fito da katifa rana, ya kwance gado gaɓa-gaɓa, ya bi kowace mahaɗa da tafasasshen ruwa, ya bi ɗinki da dutsen guga, ya liƙe tsagar bango. Suruka tana zaune a kujera ta rufe fuska da mayafi, tana jin asirinta yana shanye a tsakar gida.

Can sai nas ɗin ɗakin kusa ta janye hannun riga, ta nuna cizo uku a jere. Wani tela a cikin masu hayar ya ce shi wata uku yana zagin sauro ashe ba shi da laifi. Ɗaya bayan ɗaya, kowa ya fito da tabonsa. Mai Feshi ya ce musu ta tsagar bango da ramin wayar lantarki ƙwarin suke yawo, don haka ko a yi dukkan ɗakunan lokaci guda, a maimaita bayan mako biyu idan ƙwai sun ƙyanƙyashe, ko a bar wahalar banza. Suka yi caa a kansa, kowa na son a fara da nasa.

Nan Suruka ta sauke mayafi. "Ku bi layi," ta ce. "Surukina ne, ba ya son hayaniya."

Kawu bai rayu ya ji wannan ba.

Ya bar takunkumi ɗaya, safar hannu biyu da ba su taɓa dacewa da juna ba, tocila, kofin awo, da wani sabon famfo mai batir da abokin sana'a ya ba da aro, wanda har yanzu Mai Feshi bai yi masa magana ba.

Za a ɗauraye marigayin sau uku ranar Alhamis da safe a bayan shago, kuma ba za a zubar da ruwan a kwata ba. Daga nan za a huda gindinsa da ƙusa, domin tuni mutum biyu sun nemi a ba su shi su riƙa ajiye ruwan sha. Sannan a raka shi inda ake tara mazuban magani. Masu zuwa gaisuwa su zauna a kujerun roba da aka tanada, su kakkaɓe tufafinsu a bakin ƙofa. Iyalan waɗanda marigayin ya hallaka ba a gayyace su ba, kada kowa ya rage musu hanya.