Rasuwar Dattijo, Injin da Aka Ɗaure Har Ya Tsage

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Iya, uwar masu shagon ƙarfe na cikin lungu, take sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da masu kawo aiki rasuwar Dattijo, injin sassaƙa ƙarfen da mijinta ya mutu ya bari. Ya cika jiya da hantsi, yana tsakiyar aiki. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. 'Ya'yanta ne, Babba da Auta, kowanne da furfurarsa a gemu.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa neman komai ba sai ɗan mai da tsumma. In yana cikin lafiyarsa, "zuuu" kawai ake ji, ɓawon ƙarfe yana zubowa a nannaɗe. Shi kaɗai ne gadon da ya ƙi rabuwa biyu, don haka shi ya riƙe 'yan'uwan nan a gida ɗaya. Auta ya sha rantsewa ranar da injin nan ya tsaya zai kwashe matarsa da yara ya koma garin surukansa. Yaran nan kuwa su ne masu kwana a ɗakin Iya.

Tsini biyu gare shi, ɗaya a kai, ɗaya a wutsiya. Tsakaninsu ake kafa sandar ƙarfe ta yi ta juyawa ana fere ta. Lafiyarsa duka ita ce tsinin nan biyu su kalli juna ido cikin ido. Maigidan, Allah ya ji ƙansa, kafin ya fara aiki yakan turo wutsiya har tsini ya taɓa tsini, ya sa reza a tsakani. In ta tsaya cak, bismillah. In ta karkace, akwai noti biyu a gindin wutsiyar, na gaba da na baya, suna tura juna. A sassauta ɗaya, a ɗaure ɗayan, wutsiya ta gusa. Iya ba ta taɓa riƙe sifana ba, amma kai abinci shagon kaɗai ya isa ta gane wannan.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da mai injin niƙa ya dawo da sandar da aka yi masa, gefe ɗaya cinyar bijimi, gefe ɗaya ƙafar zabuwa. Babba ya ce Auta ne ya gusar da wutsiya. Auta ya ce idon Babba ne ya ƙare. Daga nan magana ta yanke. Suka raba yini, Babba da safe, Auta da rana. Da rabon ya yi musu daɗi, suka raba har notin: na gaba na Babba, na baya na Auta.

Babba ya shigo da safe, ya sa reza, ya ga ta karkace, ya ƙara wa nasa ɗauri. Auta ya shigo da rana, ya ga ta karkace wancan gefen, ya ƙara wa nasa. Babu mai sassauta nasa, don kada a ce shi ne da laifi. Babu mai taɓa na ɗan'uwansa, don kada a ce ya shiga aikin wani. Iya ta zama 'yar aike da tsufanta.

"Iya, gaya wa autanki ya saki notin baya."

"Iya, ki ce wa Yaya nasa ne ya yi yawa. Ni ban taɓa kayan kowa ba."

"Ga shi can zaune, ku da bakinku!" in ji Iya. Kowa ya juya mata ƙeya.

Muryar marigayin ta canza. "Zuuu" ta koma "ƙiii-ƙiii", har tela na maƙwabta ya leƙo ya tambaya ko akuya aka ɗaure a ciki. Jiya Babba ya ga hannu ya kasa, ya zura wa sifana dogon bututu, ya hau kai da duk ƙibar da Allah ya ba shi. Kalmar Dattijo ta ƙarshe ita ce "ƙas!" Gindin wutsiya ya tsage gida biyu. An kira mai walda, ya duba, ya cire hula, ya ce ƙarfen zubi ne, kuma inda ya tsage ko an liƙe ba zai ƙara kallon daidai ba. Irinsa kuma an daina yi tun Iya tana da haƙora.

Ya rasu ya bar gwangwanin mai, da buhun sanduna masu ƙiba a gefe ɗaya, da mai injin niƙa wanda har yau yake zarya. Ya bar noti biyu cikin ƙoshin lafiya. Ya bar matar Auta tana ɗaure tukwane, da Iya tana kallonta.

Za a fitar da gawa gobe da safe. Motar mai sayen tsohon ƙarfe ba ta shiga lungu, a bakin titi za ta jira. Ya ce zai zo da ƙartinsa, Iya ta ce kada ya soma, gawar gida 'yan gida ke fitar da ita. A kan bututu za a mirgina marigayin. Babba zai tura daga baya, inda ba ya ganin komai. Auta zai durƙusa a gaba yana jera bututun, yatsunsa a ƙarƙashin ƙarfen da ya fi saniya biyar nauyi. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya gefe, kada kowa ya sa hannu, kada kowa ya ce "tsaya" ko "tura" a madadin wani. Iya ba za ta halarta ba, kuma kunnenta ya toshe tun jiya, ba ta karɓar saƙo.

In sun ga dama su yi shiru har bakin titi.