Kwaɗo Uku na Malam Jatau

Duk jami'ar nan ta Gusau babu mai kishin ran ɗan Adam kamar Malam Jatau, jami'in kula da ɗalibai 'yan ƙasashen waje. Ɗaliban su goma sha ɗaya ne, daga Nijar da Chadi da Kamaru, amma shi yana kiransu "al'ummar duniya". Kansa kuwa ya naɗa wa sarautar Garkuwan Baƙi, har da hula ta musamman.

Da farko ya ɗinka musu riguna ruwan ɗorawa masu rubutun BAƘO a baya, don kowa ya san abin da zai kiyaye. Kowa kuwa ya sani. A mako guda 'yan acaɓa suka ninka musu kuɗi. Luba, 'yar Maraɗi, wadda kakarta ke Tsafe, ta roƙe shi da Hausa ya bar ta ta cire. Ya amsa mata da Turanci, a hankali, yadda baƙuwa za ta gane.

Sai ya saya wa ƙofar masaukinsu kwaɗo uku, makullan a aljihunsa. Ranar Laraba da asuba ya garƙame su, ya tafi Bungudu gabatar da lacca kan tsaro. Ya manta ranar ce jarrabawar ƙarshe. Suka buga masa waya, ya kashe, domin babban mutum ba ya katse jawabi. Da Luba ta ga ƙarfe tara, lokacin jarrabawar, ta kusa, ta leƙa ta taga ta kira Ma'u mai ƙosai, aka aro tsani, al'ummar duniya ta haura katanga.

Da azahar ya dawo da baƙi daga Bungudu, ya tsaya gaban ƙofa.

"Ko ƙuda ba ya fita nan sai da sa hannuna," in ji shi.

Ya buɗe. Ba kowa. Garkuwan Baƙi ya zauna daɓas a ƙasa, ya kira shugaban jami'a yana kuka, wai an kwashe su. Ma'u ce ta nuna masa su can gindin darbejiya, suna cin ƙosai suna gardamar tambaya ta huɗu.

Washegari ya rubuta rahoto cewa ya ceto su duka ba tare da an rasa rai ba. Hukuma kuwa ta raba wa ɗaliban takarda, kowa ya rubuta babbar barazanar da yake fuskanta. Goma suka rubuta sunansa. Na sha ɗayan, ɗan Chadi, bai iya rubuta Jatau ba, sai ya zana hularsa.