Gwaggo Ta Rasu da Fatihu a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, iyalan gidan Malam Mika'ilu na Unguwar Ɗinya, a ƙasar Dawakin Tofa, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar ɗansu Mudassir, wadda duk unguwa ta sani da suna Gwaggo. Ta cika a farkon daminar nan bayan doguwar jinya, a hannun wanda ya fi kowa ƙaunarta, wanda kuma, in za a faɗi gaskiya, jinyar da ya yi mata ce ta ƙarasa ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. 'Yar gwanjo ce, ta ƙetaro teku bayan ta yi bauta a hannun mutanen da ba mu sani ba, har wasu haruffan jikinta suka goge saboda dannawa. Lokacin da Mudassir ya ɗauko ta daga wani shago a birni, yana ɗalibi, da ƙyar take numfashi. In an kunna ta, sai mutum ya je ya yi alwala ya dawo kafin ta buɗe ido. Masu gyara suka ce ta gama yayi. Shi kuwa ya share tsarin da ta zo da shi, ya zuba mata Linux, tsarin nan na kyauta da mutanen duniya suka taru suka gina kamar aikin gayya, kowa ya kawo nasa tubalin, ba a hana kowa shiga. Tun daga ranar tsohuwa ta miƙe. Da an taɓa ta sai ta ce "ɗit," fankarta ta ja dogon numfashi, "fuuu," ta fara aiki.

Ta kasance mai haƙuri da talauci. Ta sha bin layi a shagon mai caji, a tsakanin ƙananan wayoyin da ta haifi iyayensu, ba ta taɓa nuna girman kai ba. Ba ta neman intanet kafin ta gaisa da mutum. A kanta Rukayya, ƙanwar Mudassir, ta rubuta aikinta na makarantar koyon aikin lafiya. Matasan unguwa ne suka raɗa mata Gwaggo, don tafiyarta a hankali take, tana yawan gunaguni, amma ba ta taɓa korar baƙo ba.

Babbar baiwar da Allah ya yi mata ita ce kwaikwayo. Mudassir ya sa mata manhajojin da ke sa kwamfuta ta ari halin tsoffin na'urorin gem, ta yi magana da harshensu, har wasan da aka ƙera domin na'urar da ta daɗe da mutuwa ya zaci gida ya dawo. Saboda wannan baiwa ce amana ta hau kanta.

Waɗanda suka tashi a unguwar nan za su tuna gidan gem na Abdulkabir, ɗan shagon langa-langa da ke bayan rumfar mahauta, inda samari ke cika da yamma bayan an taso daga gona. Da wayoyi suka yawaita kasuwa ta mutu, na'urar gem ɗin ma ta ƙone. Abdulkabir ya kulle shago ya tafi Fatakwal neman abinci. Kafin ya hau mota ya ajiye wa Mudassir buhu guda na faya-fayan sidi, da wani ɗan katin ajiya da bai kai akwatin ashana ba.

"Malam Boko," in ji shi, "kai ne mai karatu. Ka riƙe mana ƙuruciyarmu, kada gara ta cinye."

Mudassir ya riƙe da hannu biyu. Ya kwafe faya-fayan ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin Gwaggo. Katin kuwa har ya fara tsatsa, sai da ya je Bacirawa wurin wani abokin karatunsa mai abin karanta shi. Katin ya buɗe sau ɗaya, ya sauke wa Gwaggo abin da ke cikinsa, bai ƙara buɗewa ba, kamar mai jiran wanda zai karɓi wasiyyarsa. Ranar Mudassir ya dawo gida yana jin kansa wani babban mai adana tarihi. Da kaka ta zo tsuntsaye suka sauka a kan gero, Malam Mika'ilu ya tambaye shi ko waɗannan abubuwa masu ƙyalli suna da sauran amfani.

"Baba, kwashe su duka," ya ce, har da buga ƙirji. "Yanzu komai yana cikin Gwaggo."

Aka huda su, aka rataye a gona. Sun kori tsuntsu sosai, rana kuma ta lanƙwasa su ta cinye bayansu.

Abin da ke cikin katin ƙungiyar ƙwallo ce. A wasan ƙwallon da ake yi a shagon, ana iya ƙera ɗan wasa, a zaɓa masa tsawo da launi da aski, a rubuta masa suna. Samarin unguwa suka ƙera kansu, kowa da hannunsa. A cikinsu akwai Fatihu, ɗan Inna Luba ta gidan bakin rijiya. Fatihu ya ba kansa gudu har ƙarshen ma'auni, alhali a fili ko ɗan akuya ba ya iya kamawa. Ya kuma manna wa kansa gemu, lokacin ko gashin baki bai tsiro masa ba. An yi ta yi masa dariya. Bai kai ga tsayar da gemun gaske ba, zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina, bai bar ko hoto ba.

Fatihu ɗan fari ne. Don haka, bisa kunyar da muka gada, Inna Luba ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta ƙare masa kallo a gaban mutane ba. "Wancan" take ce masa tun yana goye har aka kai shi makwancinsa. Wata Juma'a bayan la'asar Mudassir ya saɓi Gwaggo ya yi sallama a gidanta, bai san ko alheri zai yi ko ɓarna ba. Ya ajiye ta a kan turmi, ya kunna. Alƙalin wasa ya busa, "fiiit," 'yan kallo suka ɗauki ihu ta tsagaggiyar lasifikar Gwaggo.

"Wanne ne a ciki?" in ji Inna.

"Ga shi can, Inna, mai gemun."

"Wannan mai shegen gudun? Wancan da in na aike shi niƙa sai rana ta faɗi?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Can ta matso da kujerarta, ta ce, "Tsayar min da shi, ɗan nan."

Ya tsayar. Ta kalli ɗanta, kallon da al'ada ta hana ta tun ranar sunansa. Babu wanda zai ce ta yi rashin kunya, ai kwamfuta take kallo.

Daga nan ya zama ƙa'ida. Kowace Juma'a Gwaggo tana kan turmi, Mudassir yana riƙe da abin sarrafawa, Inna tana ɓarar gyaɗa tana faɗa da sauran 'yan wasa. "Ku ba shi mana! Kai ɗan gidan mahauta, haka ubanka yake, ba ya sakin abu!" In wancan ya ci, sai ta kau da kai, wai ita ba ruwanta, amma ranar furar Mudassir takan fi kauri.

Ciwon ajali ya fara ne da bazara. Fankar marigayiya ta kama tari, "ƙrrr, ƙrrr," sannan ta yi shiru gaba ɗaya. Jikinta ya riƙa ɗaukar zafi har ba a iya ɗora ta a cinya, tana cikin wasa sai ta suma. Maganin a birni yake, Mudassir kuma yana ta cewa sai an gama sharar gona, sai an kai taki. Kafin nan ya yi mata abin da duk ɗan ƙauyen nan ya sani. Da jiƙaƙƙen buhu muke sanyaya jarkar ruwa, da shi 'yan goro ke raya goronsu. Sai ya jiƙa buhun algarara ya matse, ya shimfiɗa a kan murfin randar ɗakinsa, ya kwantar da Gwaggo a kai. Zafi ya sauka nan take. Ya yi murna, har ya riƙa nuna wa mutane dabarar.

Rukayya ce kaɗai ba ta yaba ba. Ta zo hutu ta tarar da majinyaciya a kan randa, ta riƙe haɓa.

"Yaya, wannan kwamfuta ce ko goro?"

"Ke dai taɓa ki ji. Sanyi ƙalau."

"To naji. Ga filashina, ka kwafe ƙungiyar nan ka ajiye daban. Ko don Inna."

"Zan yi. Gwaggo ba ta taɓa ba ni kunya ba."

Ya karɓa ya jefa a aljihun rigar Juma'a. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Kullum yana nufin yi, kullum yana ganin ai ga ta nan lafiya. Ita kuwa danshi yana hawa ta ƙofofin iskarta, yana kwanciya a cikinta, tana shanyewa ba ta faɗa.

Washegarin ruwan shuka, da aka dawo daga gona da hantsi, ya taɓa ta. Ba ta ce "ɗit" ba. Daga can cikinta, inda rumbun ajiyarta yake, aka ji "ƙyat, ƙyat, ƙyat," a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da aka kulle ta waje. Daga nan shiru. Ya rungume ta ya hau mota zuwa birni, tafiyar da ya kamata ya yi tun bazara. Mai gyara ya kwance ta, ya ga tsatsa kore shar ta bi ko'ina, ya gwada rumbun a wata kwamfutar, ya sake gwadawa, ya girgiza kai.

"A kogi kuka tsamo ta?"

Mudassir ya tattara ta ya dawo da ita gida.

Marigayiya ta rasu ta bar caja mai ɗaurin roba a wuya, da abin sarrafawa guda biyu, ɗaya ba ya juyawa hagu. Ta bar jakarta, wadda har yanzu take riƙe da siffar jikinta. Ta bar faya-fayan da suka shekara a gona, ba sa iya tuna komai. Ta bar filashi sabo fil, babu ko ɗigo a cikinsa, wanda mai shi ba ta nemi a mayar mata ba, ba ta kuma ce ai na faɗa maka ba, abin da ya fi zagi ciwo. Ta bar samarin unguwa, waɗanda yanzu magidanta ne. Ta kuma bar Inna Luba, wadda har zuwa rubuta wannan sanarwa ba ta sani ba.

Juma'ar farko Mudassir ya aika mata cewa Gwaggo tana wurin caji. Ta biyu ya bi ta bayan gari don kada ya wuce ƙofarta, sai ga ta a kan hanya.

"Ɗan nan, cajin bai cika ba har yau?"

"Hadari ne, Inna. Rana ba ta fitowa sosai, mai cajin kuma da hasken rana yake yi."

"Haka ne. To a gaishe ta. In ta samu, ka kawo min wancan."

Da ya kira Abdulkabir ya gaya masa, sai da Abdulkabir ya gama salati da faɗa, sannan ya sassauta murya. "Saurara, Malam Boko. Wasan nan ana samunsa. Ari kwamfuta, ka ƙera wani mai gemu, ka rubuta sunan. Tsohuwa ina za ta gane?"

Mudassir ya gwada, kada a ɓoye. Ya koma Bacirawa, abokinsa ya ba shi aron kwamfuta, ya buɗe wurin ƙera ɗan wasa. Gemu iri-iri suka jeru a gabansa, dogo da gajere da mai zagaye baki. Ya duba, ya sake dubawa, sai ya tarar bai san wanne ne na Fatihu ba. Duk Juma'o'in nan ƙwallo yake kallo. Mutum ɗaya ce ta kalli fuskar, ita ce kuma ake so ya yaudara. Ko da ta kasa ganewa, zai zauna kowane mako yana shan furarta, tana kallon abin da hannunsa ya ƙaga a matsayin abin da hannun ɗanta ya bari. Ya rufe kwamfutar mutane ya mayar musu.

Game da jana'iza: liman ya riga ya yi gargaɗi cewa babu salla, babu likkafani, kuma an ji. Ba za a binne ta a gona ba, don batirinta guba ne ga ƙasa. Za a mayar da gangar jikin ga mai gyara, ya cire abin da zai amfani wata mai sauran kwana. Rumbun ajiyarta kaɗai za a riƙe, a naɗe a busasshen ƙyalle, ko Allah zai kawo mai ilimin da ya fi namu. Ba a bukatar gudummawa. Mai son yi mata sadaka, ya je gida yau ya duba abin da yake ƙauna wanda ke ajiye a wuri ɗaya tak, ya kwafe shi a wuri na biyu kafin ya ci tuwo.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, daga zauren Malam Mika'ilu. Kafin a kai ta mota za a tsaya a gidan bakin rijiya. Masu rakiya su dakata a waje. Mudassir ne zai shiga shi kaɗai, da ita a hannunsa, ya durƙusa ya faɗi yadda aka yi, har da buhun, har da filashin, har da ƙaryar caji. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah, kada ya riga shi kai labarin.

Masu ta'aziyya kada su wahalar da kansu zuwa gidan Malam Mika'ilu, babu wanda ya cancanci gaisuwa a can. Zaman makoki a gidan Inna Luba za a yi. A je mata kamar yadda aka je mata a karon farko, lokacin da ta rasa Fatihu.