Rasuwar Kwamfutar Makarantarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake har yanzu hawayen bai zo ba, ni Malam Ɗahiru Lawali, malamin darasin kwamfuta a wata sakandare da ke Tsafe, nake sanar da rasuwar kwamfutar makarantarmu, ita kaɗai tilo, ranar Laraba da hantsi. Ta rasu tana da shekara goma sha ɗaya a hannuna.

Marigayiya mai kunya ce, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Tun ranar da aka kawo ta na lulluɓe ta da tsohon zanen matata, na kulle ofis. Duk Alhamis nakan goge mata jiki. Darasi kuwa a allo nake yi, na zana ta da alli, ɗalibai su kwafa. Idan sun roƙi su taɓa ta sai na ce za su lalata ta. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce ban iya kunna ta ba. Lissafi na karanta, aka ba ni wannan darasi don babu mai yi.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ɗalibaina na ajin ƙarshe za su je Gusau rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda a kwamfuta ake yi. Sun iya latsa waya kamar da ita aka haife su, amma akasarinsu ba su taɓa ɗora yatsa kan kibod, allon haruffan kwamfuta, ba. Suka matsa, na amince. Muka aro janareta, na fito da ita gaban aji. Na leƙa bayanta, na ga wani ɗan jan maɓalli, na ɗauka shi ne na kunnawa.

Salma, wadda yayanta ke gyaran waya a tasha, ta ce, "Malam, ba nan aka kunna ta ba. Kak ka taɓa wannan, na ƙarfin wuta na."

Na ce, "Ke ka koya mani ko ni ka koya maki?"

Na tura maɓallin, na jona wuta. Marigayiya ta ce "fat!", hayaƙi ya biyo baya. Ita ce maganarta ta farko, ita ce kuma ta ƙarshe. Babu ɗalibin da ya yi dariya, ni kuwa da sun yi da ya fi mini sauƙi. Tun jiya nake cin tuwo ban san ɗanɗanonsa ba.

Ta rasu ta bar gilashin kallo ɗaya da kibod ɗaya, da ni.

Za a yi jana'izarta gobe Juma'a bayan an taso daga masallaci, a ɗakin ajiya na makaranta, kusa da karyayyun kujeru. Ba a bukatar zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya ya yi wa ɗalibai, ni ban cancanta ba.

Kibod ba zai halarta ba. Na damƙa shi ga Salma, na roƙe ta ta nuna wa 'yan ajinsu inda haruffa suke, kowa ya kwana da shi dare ɗaya. Kwana tara ya rage a yi jarrabawa, su kuwa arba'in da uku ne.