Yadda Za Ki Rufe wa Uwar Miji Ido da Niƙaƙƙen Nama

Ke ma'aikaciya, mai tashi daga biro, wato ofis, a guje, ga yara, ga tukunya, ga uwar miji ta zo daga Damagaram ganin irin daular da ɗanta komi, akawun gwamnati, yake ci tun da aka samu ƴancin kai: kwantar da hankalinki. In kin bi matakan nan, naman da bai cika tafin hannu ba zai ciyar da gida, tsohuwa ba za ta gano ba, har yabo za ki sha. Halimatou matar Zailani, daktilo ce mai buga tafireta, mai zaune a ɗaki biyu na haya a Zongo, ta gwada. Burinta baƙuwa ta ƙoshi ta koma garinsu asiri a rufe.

1. Ki san abokiyar gabarki

Tsoka ce. Tsoka ƙirguwa take yi. Uwar miji na leƙa kwano sau ɗaya ta san rabon maigida, da na baƙo, da wanda aka hana. Abin da ba shi da yanka kuwa ba a yi masa shari'a.

2. Ki samo inji

Na hannu, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur. Halimatou ta gaji nata daga wata madam da ke haɗa kayan komawa Faransa. Sun tafi da firij, sun bar mana injin niƙa. Kowa da rabonsa.

3. Ki daure wa mahauci

Ki ce Bawa mahauci ya tattaro miki guntayen da suka rage a tebur. In ya ce, "Madam, kyanwa kika ajiye?" ki ce e, har biyu.

4. Ki ƙara wa naman jama'a

Jiƙaƙƙen burodin jiya, albasa ba ƙaƙƙautawa, da duk ganyen da masu lambun Gamkalley suka rasa mai saye. Niƙa su tare, mulmula ƙanana, soya, jefa a miyar tumatir, juye kan makaroni. Kafin kiran magariba kin sauke. Sunansa buleti. Abincin da ke da sunan Faransanci ba a tambayar nauyinsa.

5. Ki gyara fuska

Durƙusa, ajiye kwano, sunkuyar da kai. Haka Halimatou ta yi. Tsohuwa ta tsoma hannu tana lalube.

"Ƴar nan, ina naman?"

"Yana ciki, Inna. Haka manyan ma'aikata ke cin sa yanzu."

6. Kada ya yi daɗi ya wuce kima

Nan Halimatou ta yi kuskure, don ba ta iya rowar yaji da daddawa ba. Tsohuwa ta kai loma. Ta kai ta biyu, idanunta suka kawo ruwa. Halimatou ta ce a ranta shi ke nan, asiri ya tonu.

"Tun da haƙorana suka zube ban haɗiyi nama ba," in ji tsohuwa. "Tsotsa nake yi in miƙa wa jikoki. Ba wanda ya taɓa tunawa da bakina sai ke. Allah ya yi miki albarka."

Kunya ta rufe Halimatou, har ta juye mata nata rabon. Tsohuwa ta suɗe hannu, ta ɗaga murya wajen Zailani, wanda ba ta kama sunansa saboda ɗan fari ne.

"Kai wannan, aika Damagaram a kawo mini akwatina da akuyata. Na zauna."

Hattara

Mu dai girki muka koyar. Duk abin da ya biyo bayan loma ta biyu, tsakaninki ne da uwar mijinki, ba ruwanmu. Mai neman sanin inda ake ɗaure akuya a gidan haya, ta nemi wani gwanin.